Zuwa ga Bakaben da ke zuba wa ruwan Madina gishiri

Taubashi, na ga bidiyon da ka turo. Sau uku na kalle shi, na ukun tare da Inna, wadda ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ba ɗan Yaya ba ne? Wa yake yi wa ƙarin ruwa?" Na ce mata jatan lande. Ta yi salati ta koma kan tasbaharta.

Kai fa jikan masunta ne. Tun 1934 kakanninka ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, su fito rungume da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru kafin a ɗora shi kan sikeli. A 2016 har UNESCO ta sa bikin Argungu cikin gadon duniya. Yau ga magajinsu durƙushe a falo a Madina, da singileti, yana lallashin wani ƙwaro mai tsawon gaɓar yatsa wanda ake hango hanjinsa ta waje. Sarkin Ruwa bai ji ba tukuna, amma ni Bakatsine ne, bakina ba ya riƙe amanar Bakabe.

Maganar gishirin ce ta fi cina. Madina ba ta da teku. Mafi yawan ruwan famfonku daga Yanbu yake zuwa, bakin Bahar Maliya, tafiyar sama da kilomita 200. Can ake ɗebo ruwan teku, a kashe dukiya a raba shi da gishirinsa, a turo shi cikin bututu ya haura duwatsu har ya iso gidanka. Kai kuma sai ka tare shi a bakin famfo, ka sake tacewa, ka buɗe buhun gishirin da ka saya da riyal, ka mayar. Giram 35 a kowace lita, wato akwatin gilashinka mai lita 200 ya lashe kilo 7. Injiniyoyi na kwashewa, Bakabe na zubawa. Kuma wai gishirin miya ba ya yi, sai na musamman mai hoton kifi a jikin leda!

Duk wannan hidima saboda baƙo ɗaya, kifin zaki. Na yarda kyakkyawa ne: ratsi ja da fari, fukafukai a baje kamar basarake ya sha babbar riga ranar hawa, ga dafi a ƙayoyin bayansa. Sai dai ya zo da sarauta. Ka ce mini, "Wanga kihi ba ya cin matacce." Sai abin da ke motsi. Shi ne ka sayo jatan landen ruwan daɗi, ka zuba su a roba, ka ɗauko siririn tiyo ka ƙulle shi ya riƙa ɗigo ruwan gishiri ɗis, ɗis, ɗis, kana zaune da ma'auni a hannu kamar malamin asibiti a daren aiki. Wai so kake su saba.

To bari malaminka ya yi maka karatu kyauta. Ka taɓa barbaɗa wa yankakken albasa gishiri ka ga ta yi gumi? Gishiri yana jan ruwa zuwa inda ya fi yawa. Jatan landen kogi jikinsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri, don haka aikinsa kullum shi ne fitar da ruwan da ke kutsowa da tattalin ɗan gishirin da yake da shi. Ka jefa shi a ruwan teku, lissafin ya juye: ruwan jikinsa ne ke zurarewa waje, sai ƙishirwa ta kashe shi a tsakiyar ruwa. Ɗigon naka yana rage masa gigita, ya ƙara masa ɗan lokaci, amma ba ya canza masa halitta. Akwai dangoginsa da aka yi su don ruwa biyu. Manyan jatan landen kogunan Afirka ta Yamma 'ya'yansu sai sun fara rayuwa a inda kogi ke haɗuwa da teku, sannan su hauro. Da aka gama madatsar Diama a kogin Senegal a 1986 aka tare musu hanya, suka yi ƙaranci a sama, dodon koɗin da suke ci ya yawaita, tsargiya ta addabi mutane. Waɗannan jatan landen 'yan asalin iyaka ne. Naka kuwa ɗan ƙauye ne tsantsa, kamar mai shi.

Ga kuma abin da ya sa na tuntsire. Awa uku ka yi kana ɗigo. Ka tsamo ɗaya ka saka, bai ko gama miƙe gashin bakinsa ba mai martaba ya matso, ya buɗe baki, fau! A bidiyon ban ƙirga daƙiƙa biyu ba. Wa ke yi wa rago kitso ranar layya? Da ciyar da su ka yi da abincin kifin teku kafin ka miƙa su, da ya fi, domin naman ruwan daɗi ba shi da isasshen irin kitsen da kifin teku ke buƙata. In ya so daga baya ka soke mataccen na teku a tsinke, ka riƙa kaɗa shi a gaban hancinsa har ya yarda. Yaudarar kifi ai gadonku ce.

Ni dai na san inda tausayin ya fito. Shekara nawa ake ɗiga maka Madina? Ka sha kabsa, ka sha gahawa, ka iya "yalla, yalla", amma duk alhajin da zai taso sai ka kira shi kana roƙon kuka da daddawa da busasshen kifin Yawuri. Larabcinka har yau da wutsiyar Kabanci yake fitowa.

Alhazan unguwarmu za su iso ziyara, na ba su lambarka. Ka haɗo ni da ajwa kilo biyu, ban da wadda ta kwana kusa da robar nan. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, bara ma ka noƙe. In kifin ya ci gaba da yanga, ka cire ƙayoyin a hankali, Inna ta ce tana da yaji.