Mai Gashin Dada Ba Ya Hutu a Xiaobei

A majalisun Kano da Zariya, da zarar saurayi mai gashin dada ya gifta sai a yanke masa hukunci tun kafin ya sha kwana: malalaci ne, kuɗin aski yake gudu, mataji ma ya gagare shi. Ni dai ban yarda ba, kuma shaidata tana can nesa, a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke sauka su sari waya da takalma da yadi. Duk wanda ya san yanayin garin ya san cewa a cikin masu kai-komo tsakanin benen Tianxiu da lungunan Dengfeng babu mai bautar kansa irin mai dogon dada. Mai ƙwal-kwabo ya shafa ruwa ya kama gabansa. Shi kuwa wannan bawan Allah, duk taƙin da gashinsa ya ƙara, an ƙara masa aiki ne ba tare da an ƙara masa albashi ba.

A fara da lissafi, tunda da 'yan kasuwa ake magana. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma kullum tsakanin 50 da 100 suna tsinkewa daga tushe. Na mai aski iska ce ke kwashewa. Na mai dada babu inda za su je, suna nan a sarƙe cikin igiyar, su ne ma ke ƙara mata kauri. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka wanda ya shekara 5 yana tara shi yana yawo da kusan rabin mita, haɗe da silin gashi fiye da 90,000 da suka riga suka yi ritaya amma suka ƙi barin gidan gwamnati. Wannan tulin yana shan ruwa sosai, kuma bayansa ne ke fara bushewa, cikin yana nan sharkaf. A Kano lokacin hunturu ba a ma lura, a wanke da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙayau. Guangzhou kuwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,700 a shekara, kusan ninki biyu na Kano, ga danshin iska da ke wuce kashi 70 cikin 100 a yawancin watanni. Daga Fabrairu zuwa Afrilu akan shiga kwanakin da mutanen garin ke kira huinantian: iska mai ɗumi ta taso daga teku ta tarar da bango mai sanyi, sai bango ya yi ta gumi, madubi ya dushe, tayil ya yi santsi, singileti ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Ga gine-ginen Dengfeng sun matse juna har rana ba ta samun hanyar leƙa taga. Garin da ya kasa busar da singileti, da me zai busar da rabin mitar gashi?

Abin da ke biyo baya sananne ne, kuma kusan salo ɗaya yake bi. Ɗan kasuwa ya sauka a Afrilu don baje kolin Canton, ya gaji, ya wanke kai da dare, ya kwanta da gashin a jiƙe, da safe ya cusa shi cikin hular sanyi ya fita. Kwana kaɗan sai fumfuna ta kama tsakiyar igiyoyin, kamar hatsin da aka zuba a rumbu bai gama shan rana ba. Shi ne na ƙarshen sani, domin hanci ba ya tona asirin maigidansa. A cikin lif na Tianxiu, inda ake cushe da mutane da kwalaye, kowa zai fara satar kallon na kusa da shi, shi ma ya taya su kallo da fuskar wanda aka zalunta. Zai zargi kwalin takalma, ya zargi daddawar da ya ƙunso daga gida, ya canja ɗaki, warin ya riga shi shiga sabon ɗakin. Sai wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan samari, ba don na ɓata maka ba, amma abin nan tare kuke tafe." Daga nan zai ruga ya sayi turare mai ƙarfi ya kwarara, ya samu wari biyu a maimakon ɗaya. Ban ma ambaci salatif ɗin ɗaure kwali da ke cafke bakin igiya ba, ko kwanon taliyar Lanzhou da gashin ke riga mai shi ɗanɗanawa, ko ɗan sandan da ke duba fasfo a bakin titi yana kwatanta hoton wani mai tal-tal ɗin kai da wannan daji da ke tsaye gabansa.

Masu ba da shawara kyauta za su ce maganin mai sauƙi ne: ya rage wanki, ya yawaita mai. Nan ne kuskuren ya fi girma. Man kaɗanya da basilin da kakin zuma, in sun shige cikin igiyar dada, ba sa fita da daɗi. Suna toshe ta, su riƙe danshi, su kama duk wani burbushin zare da ke yawo a kasuwar yadi, har a ga wani fari-fari ya fito a ɗauka furfura ce. Abin da gashin ke so ya fi haka cin rai: sabulu marar maiƙo, wanki da sassafe, ɗauraya har ruwan ya fito garau, a matse igiya ɗaya bayan ɗaya, a naɗe da tawul, sannan a zauna ƙarƙashin handiraya awa guda ko fiye, gwargwadon tsayi. Sai a bi tushe da yatsa a raba igiyoyin da ke neman haɗewa, a ɗaure kai da ƙyalle mai santsi kafin barci. Murɗa sabon tsiro kuma, ko ɗinke shi da kwarashi a shagunan gyaran gashi na 'yan Afirka da ke Xiaobei da Sanyuanli, bai kamata ya wuce sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu ba, domin nauyin doguwar igiya yana jan tushe, in aka haɗa masa da matsi sai goshi ya fara cin iyaka, sanƙon da likitocin fata suka daɗe da sani ya bayyana. Wane malalaci ne zai ɗauki wannan jadawali? Abin takaici ma, mutumin da ya loda katan-katan na handiraya a kwantena zuwa Legas sau da yawa ba shi da ko ɗaya a ɗakinsa.

Akwai masu kawo maganar tsarki, kuma maganarsu tana da nauyi. Duk wanda ya zauna gaban malam da Ahalari ko Iziyya ya san cewa a mazhabar Malikiyya sai ruwa ya ratsa gashi ya kai fata a wankan janaba, tare da cuɗawa, kuma kitso ba a tilasta tsefe shi sai in ya yi tsaurin da zai hana ruwa shiga. Hukuncin dada na malamai ne, ba nawa ba, kuma ko a ƙasar Senegal ga 'yan Baye Fall, mabiyan Shehu Ibrahima Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba, da igiyoyinsu har gadon baya. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, Musulmi mai dada ba shi da zaɓin gudun ruwa. Wani yana iya tsara wankin kansa mako-mako, shi kuwa shari'a ce ke tsara masa, kuma ango mai dogon dada a Guangzhou cikin watan Maris ya cancanci a tausaya masa, a kuma taya shi biyan kuɗin wuta. Ranar Juma'a, a masallacin da ke gefen kabarin da ake danganta wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, duk wanda ya shigo sahu a makare kansa na tururi, kada a yi masa mummunan zato.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wanzamai: to ya aske mana, ya huta. Gaskiya ne, aski ya fi arha. Sai dai mai faɗin haka ya sallama mini ba tare da ya sani ba, domin in hutu yana cikin aski, ashe tara gashi ne aikin. Kuma Guangzhou ba garin da za a raina gashi ba ne. Masana'antun Xuchang a lardin Henan suna sarrafa gashi suna turawa duniya, kasuwar kayan kwalliya ta Meibo Cheng da ke kusa da Sanyuanli cike take da shi, har da dada da aka riga aka murɗa, sai dai a saya a maƙala da kwarashi. Alhajin da ke yi wa yaro wa'azin aski a otal da dare, shi ne da safe yake ciniki da kwakuleta a kan damin gashin wasu, ya biya da dala.

Ba na cewa komawa gida sauƙi ce. 'Yan sandan SARS sun yi suna wajen tare masu dada kafin a rusa su a 2020, Hisbah a Kano ta sha sa almakashi a kan samari, ga kuma hular zanna bukar da ta ƙi zama ko da an roƙe ta. Amma ko babu wanda ya tare shi, wanda ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin Disamba zai tarar doka ta juye. Hunturu zai tsotse gashin har ya fara karyewa, ƙura ta mayar da shi ja, amosani ya taso, sai ga mutuminka a kasuwar Kurmi yana tambayar farashin man kaɗanyar da ya zubar da irinsa a kwandon shara a Dengfeng.