Cizon Yatsa a Gidan Gashi

Cizon yatsa a gidan gashi wata lalura ce da kan kama magidancin da ya tsallake mai tsiren unguwarsu, ya kwashi iyali zuwa gidan cin nama mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. An fi samun ta a birane irin su Kano, Kaduna da Abuja, musamman daren da albashi ya shigo.

Mafarinta shi ne barin cinikin da aka gada. A bakin tukuba mai saye yana ganin tsinkayen tsire kewaye da wuta, sun sha ƙuli, ga balangu yana ɗigar mai. Da yatsa yake nuna abin da yake so: tozo, hanta ko ƙoda. Mai nama ya yanko ɗanɗano, ya dangwala a yaji ya miƙo tun ba a yi zancen kuɗi ba, in an gama kuma ya yi gyara. A gidan gilashi kuwa takarda mai hotuna ake miƙowa, mutum ya zauna yana yi wa rogo kallon kitse.

Lalurar tana da matakai huɗu. Na farko zaɓi: duk hoton da maigida ya nuna, sai yaro mai farar riga ya rusuna ya ce, "Ya ƙare, Yallaɓai." Na biyu jira. Akan ce "saura minti biyar", amma ba irin mintin agogo ba ne. Kafin ya cika, yara sun shanye lemo, auta ya yi barci a kan tebur, uwargida ta tambayi maigida har sau biyu wane ne ya ba shi labarin wurin.

Na uku isowar nama, kuma nan ciwon yake tsananta. Yanka shida ne a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, sun ɓuya ƙarƙashin albasa da kabeji. Waje ya ƙone ƙurmus, ciki da sauran jini. Maimakon yajin ƙuli mai barkono da citta da kanumfari, sai wata jar miya mai zaƙi daga kwalba. Hannu ma ba a sawa, sai wuƙa da cokali mai yatsu. Da maigida ya danna wuƙa a kan jijiya, yankan ya zille ya dira a cinyar wani dattijo mai farar shadda a teburin gefe. "Alhaji, don Allah a yi haƙuri" ita ce doguwar maganar da maigida ke yi a daren.

Na huɗu lissafi. Ban da kuɗin nama, akwai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Nijeriya tun Fabrairun 2020, sannan kuɗin hidima. Daidai nan na'urar POS kan ce babu sabis, maigida ya zama jingina a bakin kanta har kuɗin da ya tura ta waya su shiga.

Maganinta ɗaya ne, kuma a hanyar gida ake samunsa. Mota takan tsaya a bakin tukubar da aka wuce ɗazu, maigida ya fito yana sosa ƙeya, mai nama ya ce, "Alhaji, kwana biyu!" ya miƙo ɗanɗano. Wanda ya warke ba ya ƙara biyan kuɗin naman da bai ɗanɗana ba.