Mu da matan gidajenmu

Mu mazan nan, daga Konni zuwa Malbaza har Illela, in aka ɗora shayi a fada aka tado zancen Hadijatou Mani, kowa kaɗa kai yake. Tana 'yar shekara 12 aka sayar da ita a 1996, jikka 240, ta zama wahaya: ba sadaki, ba gado, sai bauta da duka. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, aka ce ta yi aure kan aure, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun CEDEAO a 2008 ta ce Nijar ta kasa kare ta, a biya ta sefa miliyan 10. Duk mun ce zalunci ne, kuma zaluncin ne.

To amma wannan a gidan wani ya faru, shi ya sa idonmu ya gani. Laifi tudu ne. Namu fa?

Mu ne in maiɗaki ta kawo shawara kan kuɗin albasa mu ce "maganar mata ce", alhali da ita aka duƙa wajen dashe. Mu ne ke cire yarinya daga lakwal mu aurar da ita, mu bar wanta ya wuce kwaleji, ko da ta fi shi kai. Mace na naƙuda tun asuba, an hana ta zuwa likita don maigida yana kasuwa, bai ba da izini ba. In aure ya mutu, ita ake tambaya me ta yi, shi kuwa, "Alhaji, yaushe za mu sha biki?"

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gado. Uba ya rasu, 'yan'uwa maza su raba gona, a ba ƙanwa ɗan abin sabulu a ce ai tana gidan miji. Allah da kansa ya yanka mata rabonta a Suratun Nisa'i, mu muka hana, muka kira shi al'ada. Ita kuma ta yi shiru don kada a ce ta ɓata zumunci, mu ɗauka ta yafe.

Ɗan'uwa, in gonar babanku tana hannunka, kira malami a auna, ka ba ƙanwarka nata kafin damina ta faɗi.