Kwamfuta a Ƙasar Madobi: Asalinta, Ɗabi'unta da Cututtukanta

Kwamfuta na'ura ce mai aiki da lantarki wadda ake rubutu da lissafi da adana bayanai da ita. Haka littattafan makaranta suka bayyana ta. A ƙasar Madobi da maƙwabtanta, Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani lokacin noma tun bayan kammala ta a 1974, bayanin yana buƙatar ƙari. A nan kwamfuta kadara ce da ake saye da kuɗin shinkafa ko na tumatir, a ajiye ta inda baƙo zai gani, a riƙa kunna ta a duk lokacin da wuta ta ga dama.

Iri biyu aka fi sani. Akwai ta tebur, wadda ake kira girke, akwai kuma ta cinya, wato tafi-da-gidanka, wadda samari ke kira laftof. Girke ita ce babba a shekaru, kuma rayuwarta ta rabu gida biyu. Wadda ta yi sa'a takan faɗa ofis. Can ake lulluɓe ta da ƙyalle mai fure, ba a cire ledar da ta zo da ita daga kamfani, linzaminta kuwa yana kulle a aljihun teburin oga, oga kuma ya tafi taro Kano. Idan wasiƙa ta taso, masinja yakan ɗauki rubutun hannu ya tsallaka titi zuwa shagon buga takardu, domin kada a wahalar da kayan hukuma.

A wannan shago ne ake samun girken da ba ta yi sa'a ba. Farinta ya koma ruwan ƙasa, murfin gefenta ya daɗe da ɓata, an kafa mata fankar tebur tana hura mata iska a ciki. Ita ke buga katin ɗaurin aure, takardar cinikin gona, takardar neman aiki da kalandar biki, daga safe har bayan isha'i. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma sallami Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Babu wanda ya kai wa wannan baiwar Allah labari, saboda haka tana nan tana aikinta.

Game da asali, kaɗan ne daga kwamfutocin yankin aka saya sababbi fil a kwali. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka kan sauya na'urorinsu bayan shekara uku ko huɗu, dillalai su kwashe tsofaffin, a cika kwantena zuwa Legas. Daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja kaya ke haurowa Kano, su sauka a Titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Mafi yawa HP ne da Dell da Lenovo, kuma gaskiya ce cewa waɗanda aka ƙera don ma'aikatu sun fi na kwalliya ƙwari. Amma kalmar gwanjo ba ta fita daga bakin mai shago. Cewa yake yi: “Alhaji, wannan ko a Landan ba ta sha wahala ba. Wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ita ma sai ranar Lahadi take buɗewa.” Wanda ya zagaya shagunan ya saurara da kyau zai yarda cewa Ingila ba ta da mazauna sai tsofaffin mata masu laftof. Wasu kuma daga Jamus suka fito, inda harafin Z ke zaune a mazaunin Y a kan madannai. Yaro ya zauna zai rubuta wa yayansa wasiƙa, ya danna abin da idonsa ya nuna masa, sai ya ga ya rubuta Zaza.

Sayen kwamfuta aikin mutum uku ne. Akwai uba mai kuɗi a aljihun 'yar ciki, akwai ɗa mai buƙata, akwai kuma masani, wanda yawanci ɗan maƙwabta ne da ya taɓa zama a shagon intanet. Sukan kama hanyar Panshekara da sassafe. A shago, uban yakan ɗaga na'urar ya jinjina, domin a wurinsa nauyi shaidar inganci ce. Ɗan yana duba ƙyalli. Masanin kuwa idonsa na kan 'yar sitikar da ke kusa da madannai, idan ya ga an rubuta i7 sai ya gyaɗa kai, bai san cewa i7 ta shekara goma da suka wuce ba ta kamo ƙafar i5 ta bana ba, bai kuma san sitika ana sayar da ita daban ba. Ciniki yakan faɗa ne idan mai shago ya yi gyara da jaka da linzami.

Sai maganar garanti. Sabuwar kwamfuta takan zo da garantin shekara ɗaya daga kamfani, wanda na waɗannan ya ƙare tun kafin su hau jirgin ruwa. Abin da ya rage shi ne na mai shago, kwana bakwai, a rubuce a bayan rasit. Bai shafi fuska ba, bai shafi batir ba, babu caja, babu madannai, babu abin da wuta ko ruwa ya taɓa. Idan aka cire waɗannan, jakar ce kaɗai ke da garanti.

Dalilin saye kullum ilimi ne, kuma dalilin yana da tushe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma an ga yaran karkara masu ƙoƙari da suka san amsa amma linzami ya kayar da su. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Wudil da na kwalejin Sa'adatu Rimi ma suna buƙatar abin rubuta aikin kammala karatu. Wannan shi ne abin da ake faɗa wa Baba. Bayan mako biyu na'urar takan gano ainihin aikinta: fina-finan Indiya masu fassara da daddare, wasan ƙwallo da rana, sannan cajin wayoyin gida. Laftof mai kafofi uku tana iya shayar da waya uku a lokaci guda, kuma a gidaje da yawa wannan ne kaɗai aikin da Hajiya ta yarda cewa ya biya kuɗinta. Akwai kuma wani jinsi na daban, laftof ɗin tallafi, wadda ake rabawa da hantsi a gaban masu ɗaukar hoto, ta kwana a kantar wani mai shago a birni. Ita ce mafi gajeren zama a yankin.

Abincin kwamfuta wuta ne. An sayar da harkar rarraba lantarki ga 'yan kasuwa a 2013, kamfanin KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa, amma har gobe yara NEPA suke yi wa ihu idan an kawo. Cajar asali tana jure wuta daga 100 zuwa 240 a ma'aunin bolt, shi ya sa ba ta cika damuwa da hawa da saukar wuta ba. Sai dai cajar asali ba ta daɗewa a gida, wani ya ara, wani ya manta da ita a mota. A maye ta da mai araha, marar nauyi, wadda ke zafi har ba a iya riƙe ta. Girke kuwa ba ta da batir, wuta na ɗaukewa take tafiya da duk abin da ba a adana ba. Salatin da ake ji daga shagon buga takardu a irin wannan lokaci ya sha bamban da kowane salati, domin shafi goma sha biyu na takardar wata ƙungiyar manoma ne ya tafi. Janareta na nan, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sai an tara masu aiki biyar kafin a ja igiya. Masu hali sun koma sola.

Batirin laftof yakan fara gajiya bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar, kuma zafi yana gaggauta tsufansa. Mai shago ya rantse yana yin awa huɗu. Ba a kama shi da ƙarya ba, tunda bai faɗi shekarar ba. A Madobi batirin yakan kai mai shi daga soket zuwa bakin zaure.

Yanayin ƙasar ma ba ya taimakawa. Hunturu na kawo ƙura, bazara na kawo zafin da ke haura digiri 40, kusa da injinan casar shinkafa kuma iska cike take da ɓuntu. Laftof tana shaƙar iska ta ƙasa ta fitar ta gefe, mai ita kuwa a kan katifa yake ɗora ta, ko a kan darduma, ya toshe ƙofofin, fanka ta yi ta kuka har na'urar ta kashe kanta don tsira. Abin mamaki shi ne mutumin nan ya san darajar inji. Injin ban ruwansa ba ya wuce ranar juyen baƙin mai, yana wanke fulogi, yana yi masa rumfa da zana, idan sautinsa ya sauya daga nesa yake ganewa. Kwamfutar da ta ninka injin a kuɗi kuwa, a kanta ake cin gurasa, a gefenta ake ajiye kofin shayi, kuma tun da aka sayo ta ba a taɓa buɗe ta an kakkaɓe ba. Injin yana kawo kuɗi, ita kuwa an ɗauka kayan Bature ba sa buƙatar kulawa.

Cututtukanta, bisa rabe-raben mutanen yankin, huɗu ne: ta yi nauyi, ta ɗauke, ta ƙi tashi, da bairos. Bairos shi ne uban tafiya, domin duk abin da ba a gane ba shi ake ɗora wa, har da tsagewar fuska. Hanyar yaɗuwarsa filash ne, wanda ke yawo daga shagon tura fina-finai zuwa makaranta zuwa ofis, ya mayar da takardun mutum gajerun alamomi marasa buɗuwa. Akwai kuma wata larura ta tsufa: ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogon na'ura yakan mutu, sai kwamfuta ta farka kullum a wata shekara da ta daɗe da wucewa, shafukan intanet su ƙi buɗuwa. Kuɗin batirin bai kai na kwanon shinkafa ba, amma akwai waɗanda suka sayar da na'urar a wulaƙance saboda shi.

Neman magani yana da matakai. Kamfanonin suna da shafukan taimako da lambobin kira, sai dai ba a san da zamansu ba, su ma ba su san da zaman Madobi ba. Matakin farko a gida yake: a kashe a kunna, a cire batir a hura, a ɗan bubbuga gefe. Idan ruwa ya shiga, a binne ta a buhun shinkafa, maganin da ba ya gyara komai amma yana da farin jini a yankin da shinkafa ba ta yankewa. Mataki na biyu shi ne yaron unguwa mai difloma, wanda ake kira Injiniya. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato fomatin. Yakan share komai, hotunan biki da aikin kammala karatu babi huɗu, sannan ya ɗago ya tambaya: “Yaya, ai dai babu wani abu mai muhimmanci a ciki ko?” Garin neman gira an rasa ido. Kwafi kuwa ba a ajiyewa, sai wanda Allah ya taimaka ya taɓa tura wa abokinsa ta WhatsApp.

Mataki na uku shi ne Kano, inda ƙwararru suke, kuma a cikinsu akwai masu hannu na gaske, waɗanda ke bin layin wuta a kan bod da mita su sauya abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ganawar mai kwamfuta da mai gyara tana da tsari sananne. Mai gyara ya ce, “Malam, me ya same ta?” Mai ita ya ce, “Wallahi haka kawai ta mutu, ina cikin karatu.” Mai gyara ya kwance, ƙamshin kunun tsamiya ya tashi, tururuwa suka fito a jere. Bai ce komai a kai ba, domin shi ma yana da tasa ƙaryar. Ya ja numfashi ya ce, “Bod ne, ranka ya daɗe. Ka dawo jibi.” Jibin masu gyara ba ta cikin kalanda. Mutum yakan yi zuwa uku, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin gyara, a ƙarshe ya karɓi kayansa da sukurori biyu a leda waɗanda ba a gano mazauninsu ba. Akan ji ƙorafin cewa wata ta shiga da ram takwas ta fito da huɗu, amma da wuya a tabbatar, tunda mai ita bai taɓa sanin nawa ne a ciki ba.

Wadda ta tsallake wannan duka, aro ne ke ƙarasa ta. A gidan gandu babu kwamfutar mutum ɗaya. Ƙane zai yi rajista, ɗan baffa zai yi aikin makaranta, abokin ango zai nuna hotuna a wurin kamu. Hana aro rowa ce, tambayar ranar dawowa kuma rashin kunya. Kalmar sirri ba ta hana komai, domin 1234 ce, kuma har yaran maƙwabta sun haddace. Takan dawo bayan wata guda, harafi biyu sun fita, marfinta yana lilo, wanda ya ara ya ce ai dama haka ya karɓe ta.

Kwamfutar da ta mutu ba a jefar da ita. Akan mayar da ita jakarta a ɗora a kan wadirof, da niyyar gyarawa idan an sayar da albasa. 'Yan gwangwan sukan zo su taya da kilo, mai ita ya ji haushi ya kore su, yana ambaton abin da ya biya a Titin Beirut. Cajarta takan ci gaba da hidima a wani gida, jakar kuma ta koma ta zuwa Islamiyya. Gangar jikin takan zauna har ranar rabon gado, inda ake yi mata kuɗi da farashin da aka saye ta, a sanya ta a kason wanda bai samu halartar zaman ba.