Ire-iren Mutane a Ayarin Zamiyar Dusar Ƙanƙara

Zamiyar daji ita ce wadda mutum zai bar filin da aka share wa 'yan hutu, ya hau dutse da ƙafarsa, sannan ya sulalo ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Wajen hawa ana manna wa ƙasan allunan zamiya wani ƙyalle da ake kira fata, na gashin akuyar Angora ko na nailan, wanda gashinsa ke kwantawa in an tura gaba, ya turje in allo zai koma baya. A kwarin Chamonix na Faransa, gindin dutsen Mont Blanc, akwai hanyar yini guda da ta shahara: a haye mashigin Crochues mai tsayin kusan mita 2,700, a ratsa zuwa na Bérard, a gangara ƙauyen Le Buet, a komo a jirgin ƙasa. Ayari bai cika yawa ba, amma halaye iri-iri ne.

Tun a wurin ɗaure takalmi ake gane Sarkin Kaya. Ya san nauyin kowane ƙarfe na jikin allonsa har giram, ya kashe kuɗin da zai sayi babur don ya rage nauyin da bai kai na ƙwai biyu ba. Tumbinsa ne kawai bai taɓa hawa sikeli ba.

Kishiyarsa Na-Manta. Ƙa'idar ayari ce kowa ya rataya na'urar nema, wadda ke aika sigina a kan kilohaz 457, ya kuma ɗauki shebur da sandar laluben dusa, domin wanda dusa ta binne, bayan kamar minti 15 damar fito da shi da rai takan ragu ƙwarai. Na-Manta yana da ukun duka. Shebur na mota, sanda na gida, batirin na'ura kuwa tun bara.

Ɗan Gaggawa yakan zo cikin matsattsen kaya, yana atisayen gasar Pierra Menta da ake yi a Arêches tun 1986, ko da yake ba a taɓa ganin sunansa a ciki ba. Zai riga kowa isa mashigi, ya tsaya yana duba agogo, da na ƙarshe ya iso yana haki sai ya ce, "To, an huta, mu je."

Malamin Dusa ya fi kowa ban haushi, ya kuma fi kowa amfani. Tun daren jiya ya haddace sanarwar hukumar yanayi ta Faransa, wadda ke auna haɗarin zaftarewar dusa daga mataki na 1 zuwa na 5. Ya san cewa gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45 ne ya fi zaftarewa, kuma mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, saboda shi ne wanda mutane ke rainawa. Sai ya tsai da ayari, ya haƙa rami har ƙirji, ya bi hawa-hawan dusar da yatsa kamar mai duba a ƙasa, ya tallabo 'yan ƙwayoyi masu kama da sukari a tafin safarsa, ya girgiza kai. In an ce, "Malam, a wuce ko a koma?" amsarsa ɗaya ce: "Ya danganta." Yatsun jama'a kuwa sun daskare.

Abokin gabarsa shi ne Ai-Wasu-Sun-Bi, wanda duk hujjarsa sawun mutanen da bai san su ba, bai kuma san ko sun isa gida ba. Raba musun waɗannan biyu ne ainihin aikin madugu.

Akwai kuma Saura-Kaɗan. Kowane tudu ya hango, shi ne na ƙarshe. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, amma sabon shiga yakan yarda da shi har sau uku. Shi sabon shigan ana gane shi a wurin juyawa a gangare mai tsauri: ƙafa ɗaya ta kalli gabas, ɗaya yamma, ya maƙale a tsakiya kamar almakashi, layi ya taru a bayansa kowa na ba shi shawara dabam.

Mai Hoto ba ya bukatar dogon bayani. Yakan sa mutum ya sake hawa don haske bai yi ba. Mai Guzuri kuwa ana yi masa dariyar ƙatuwar jaka da safe, da azahar ta yi sai a kewaye shi, ana yabon cuku da burodi da shayin fulas.

A gangaren kwarin Bérard ayari yakan watse, kowa da irin faɗuwarsa, sai a tashar Le Buet ake sake haɗuwa. Ɗan Gaggawa na ƙidayar mitocin da ya hau, Sarkin Kaya na shafa ƙarzuwar allonsa kamar wanda aka yi wa rasuwa, Na-Manta na laluben tikiti, Saura-Kaɗan kuma na tabbatar wa kowa cewa jirgi ya kusa.