Masu Musu, Ga Jirgin Kananzir Da Ya Ƙi Nutsewa

Ina 'yan gardama? Ku gyara zama, yau da ku nake. Na san halinku sarai: da an ce labarin Yaƙin Duniya na Biyu, kun baza kunne ku ji sunan Hitila da Rommel da rugugin igwa. To, wanda na kawo muku yau ɗan dako ne. Jirgin ruwa ne na jigilar mai, sunansa Ohio, mallakar kamfanin Texaco na Amurka. An ƙera shi a garin Chester na Amurka, aka sako shi ruwa a 1940 don ya riƙa kai mai daga wannan tasha zuwa waccan, masu shi su ƙirga riba. Kai mai taɓe baki can baya, na gan ka. Adana bakin, in an jima za ka buƙace shi wajen hangamewa.

A tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili da kilomita 90 da 'yan kai, akwai ɗan tsibirin Malta, wanda a lokacin yake hannun Ingila. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi zame wa Jamus da Italiya ƙarfen ƙafa ba, domin daga can jiragen sama da jiragen ƙarƙashin ruwa na Ingila suke tare kayan da ake kai wa Rommel a Libiya. Sai suka sa shi a gaba da ruwan bama-bamai, suka tsare hanyoyin teku. Kafin tsakiyar 1942 abinci ya yi ƙasa, mai ya kusa ƙarewa, har hukumomin tsibirin sun zauna sun lissafa ranar da dole a miƙa wuya. Ƙasa ce mai duwatsu, ba itacen kirki. In babu kananzir ba a ɗora tukunya, in babu man gas injinan jawo ruwa sun tsaya.

Za ku ce, Ingilar da ke taƙama da mulkin teku ce ta rasa jirgin mai sai ta yi aro? Tana da su, Malam, gudu ne ba su da shi. Ayarin da zai keta wannan hanya yana son jirgin da zai yi wajen kilomita 30 cikin awa ɗaya ɗauke da kaya. Ku yi dariyarku, a wancan zamani wannan gudu ne ga jirgin mai, kuma Amurkawa ke da irinsa. An riga an karɓi ɗan'uwansa Kentucky, ya halaka a hanyar Malta a watan Yuni. Shi ko Ohio ya kai mai Kogin Clyde a Sukotilan ke nan, sai gwamnatin Amurka ta ɗora masa hannu da ikon dokar yaƙi, ta miƙa wa Ingila. Ba a tsaya ciniki ba. Matuƙansa Amurkawa suka tattara komatsansu suka sauka, Kyaftin Dudley Mason na kamfanin Eagle Oil ya hau da mutanensa, su 77 har da maharba. Aka girke masa bindigogin kakkaɓo jiragen sama, aka ɗora injinansa a kan roba don kada girgizar bom ta tsinka su, aka ɗura masa kananzir da man gas tan 11,500.

Jiragen kaya 14 ne suka shiga Bahar Rum ta mashigin Jibraltar daren wayewar 10 ga Agusta, kuma Ohio kaɗai ne na dakon mai zalla. Ku ji rakiyar da aka yi musu: manyan jiragen yaƙi Nelson da Rodney, jirage masu ɗauke da jiragen sama har 4, ƙananan jiragen yaƙi masu sauri sama da 30. Duk wannan tawaga da ado da lambobin girma, aikinta gadin 'yan dako. Ku da kuke raina dako, sai ku sake lissafi.

Ranar 11 ga wata wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da Eagle, ɗaya daga cikin masu ɗauke da jiragen saman, cikin 'yan mintoci. Da yammacin 12 ga wata manyan suka juya baya kamar yadda aka tsara, don hanyar da ke tsakanin Tunisiya da Sisili ta yi musu ƙunci. Ba a jima ba wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya saki tofido 4, wato nakiyar nan mai gudu cikin ruwa, ya sami jirage 3. Ɗaya jirgin yaƙi Cairo, ɗaya Ohio, na ukun kuma sunansa Nigeria. E, takwaran ƙasar nan, jirgin yaƙin Ingila ne da aka raɗa wa sunan. Kada ku fara bugun ƙirji tukuna: ya ji jiki, ya juya Jibraltar da ɗingishi, ko da yake bai nutse ba. Ɗan dako ne ya ci gaba.

Ya ci gaba ne da rami a haƙarƙari, ƙafa 24 a 27, wuta na ci a samansa, sitiyari ya lalace, na'urar nuna alƙibla ta mutu. A nan ne na san za ku miƙe tsaye: "Haba marubuci, jirgin mai ya kama wuta bai tarwatse ba? Gishirin ya yi yawa." Zauna, ɗan'uwa. Ba fetur ya ɗauko ba. Kananzir da man gas suna ci da wuta, amma ba su da saurin fushi irin na fetur. Ruwan tekun da ya afko ta ramin ma ya taya su kashe wutar. Sa'an nan cikin jirgin mai a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, in ɗaya ya huje sauran na nan, kuma mai ya fi ruwa rashin nauyi, kayan da kansu suna tallafe da jirgin. In kuna son ganin aikin fetur, ku tambayi labarin Waimarama, abokin tafiyarsa mai ɗauke da fetur da harsasai. Washegari bom ya same shi, ya tashi gaba ɗaya, akasarin mutanensa ba su tsira ba.

Ranar 13 ga wata ita ce ta shan wuya. Jiragen saman Jamus da Italiya sun gane wanda ya kamata su kashe, suka yi masa caa. An harbo wani, ya daki ruwa ya yi tsalle ya faɗo kan jirgin. Ana ba da labarin cewa da wani hafsa ya kira Mason a ruɗe ya shaida masa, sai Kyaftin ya nuna masa ba wani abu ba ne, tun ɗazu akwai gawar wani jirgin kwance a gaba. Bama-bamai suka faɗa dama da hagu, suka ɗaga jirgin sama suka maka shi da ruwa. Injina suka yi shiru, shirun da ba su sake tashi ba.

Daga nan sai ja. Ƙaramin jirgin yaƙi Penn ya ɗaura igiya ya ja, Ohio ya ƙi miƙewa, sai zagaye yake yi saboda ruwan da ke shiga ramin nan. Igiya ta tsinke. Aka kwashe mutane, aka dawo da su, aka sake ɗaurawa tare da Rye mai sharar nakiya. Wani bom ya ratsa ta baya ya fashe a ɗakin inji, gadon bayan jirgin ya tsage, aka sake barinsa. Wasu da aka tsamo daga jiragen da suka nutse, waɗanda ko bushewa ba su gama yi ba, suka ce a mai da su kansa su riƙe bindiga. Cikinsu akwai Amurkawa biyu daga jirgin Santa Elisa, Frederick Larsen da Francis Dales. Ku da kuke cewa an ƙara gishiri, wa zai koma kan dubban tan na mai ana ruwan wuta, bayan jiya-jiya aka tsamo shi daga teku? A ƙarshe dabara ta zo: Penn ya manne masa ta wannan gefe, ɗan'uwansa Bramham ta wancan, aka ɗaɗɗaure su tamau, wani ɗan'uwan nasu Ledbury yana daidaita masa hanya. Haka suka riƙo shi a hankali, kamar tsohon da jikoki biyu suka tallabo zuwa masallacin Idi.

Da safiyar 15 ga Agusta suka shigo da shi babbar tashar Valletta, ruwa ya kusa shafe bayansa. Mutanen gari sun cika kan ganuwa suna sowa, ana busa badujala. Ranar ta faɗo kan idin Santa Marija na Kiristocin tsibirin, shi ya sa har yau da wannan suna suke kiran ayarin. Aka kafa famfuna ana rige-rige da lokaci, aka zuƙe wajen tan 10,000. Man ƙarshe na fita, jirgin ya zauna a ƙasan ruwan tashar. Aka ba Mason lambar George Cross, irin wadda aka ba tsibirin kansa a watan Afrilun shekarar.

Yanzu bari in ba ku ɗan abin da za ku riƙe, kada ku koma gida hannu rabbana. Cikin jiragen kaya 14, guda 5 kawai suka isa. An yi asarar jiragen yaƙi Eagle da Manchester da Cairo da Foresight, da ɗaruruwan rayuka. Italiyawa sun ƙirga wannan karo cikin nasarorinsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yunwa ba ta bar Malta nan take ba, sai da wani ayari ya iso a watan Nuwamba. Wanda ya ce Ohio shi kaɗai ya ci yaƙin Arewacin Afirka, ku yi masa musu, ina bayanku. Abin da ba zai musu ba shi ne, tsibirin da ake ƙirga wa kwanaki ya sami man da ya ci gaba da tsayuwa, ya koma farautar jiragen Rommel ana saura 'yan makonni gumurzun El Alamein.

Ladan ɗan dako fa? Daga baya ya rabe biyu a tashar, aka mai da shi ma'ajiya da wurin kwanan sojoji. A 1946 aka ja shi cikin teku, Ingilar da ya yi wa wahala ta sa wa rabinsa igwa, ɗaya rabin kuma nakiya, ta nutsar da shi. Allon sunansa da sitiyarinsa suna gidan tarihin yaƙi na Fort St Elmo a Valletta. Wanda har yanzu bai gamsu ba, hanya a buɗe take, sai dai kuɗin jirgi daga aljihunsa.