Gizo da Ɗakin Ajiyar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi albarka, Gizo ya noma wake har rumbunsa ya tumbatsa, buhu 30 suka rage a tsakar gida. Sayarwa a lokacin asara ce, domin da kaka kowa na da wake. Sai ya ƙudurta zai yi yadda 'yan kasuwar Dawanau ta Kano suke yi: a kulle hatsi a sito, a jira ruwa ya sauka, rumbunan mutane su yi ƙasa, sannan a fito da shi.

A shekarar nan Kura ta gina jerin ɗakuna a bakin hanyar kasuwa, tana ba masu ajiya haya wata-wata. Ɓera ne mai gadi.

Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, waken nan bai gama bushewa ba. Na zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri na girgiza, gishirin ya manne a jikin kwalbar. A ƙara shanya shi."

Gizo ya ce kafin ya bushe wasu sun kwashe ɗakunan. Ya fita bayan magariba, ya sami Kura tana shirin tashi. Ta nuna masa ɗaki a kan tudu, daɓen siminti, sabon kwano, ta faɗi kuɗi. Ya girgiza kai. Ta kai shi can ƙarshen jeri, inda ƙasa ta gangara, ta ce wannan rabin kuɗin wancan ne. Ya leƙa cikin duhu, ya ga faɗi, ya ce ya kama.

Ɗakin ajiya da rana tsaka ake duba shi. A shiga, a rufe ƙofa, a ɗaga kai: duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa zai biyo. A sunkuya a dubi gindin bango, domin ruwan bara yakan bar zane, gara takan bar hanyarta, ɓera yakan bar kashinsa. Gizo bai ga ko ɗaya ba, kuma ba a ɓoye suke ba.

Kura ta miƙo takarda mai shafi biyu, ya dangwala yatsa bai nemi a karanta masa ba, bai karɓi tasa ba. Ta ba shi kwaɗo kyauta da makulli ɗaya, ya yi ta godiya. Bai tambayi inda sauran makullan suke ba. Da ya dawo gida yana alfahari, Ƙoƙi ta ce, "Araha ba ta ado," ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Washegari Kurege ma ya zo neman ɗaki. Buhunsa 8 ne kawai, saboda haka ya ƙi babban ɗaki, ya ɗauki ƙarami a kan tudu. Ya kai takardar wurin Dila, malamin daji, ya ce, "Allah gafarta malam, karanta mini a hankali." A nan ya ji cewa Kura na da ikon ƙara kuɗi bayan wata uku, ruwa ko gobara ba ruwanta, kuma wanda ya yi wata biyu bai biya ba za a yi gwanjon kayansa. Kurege ya koma ya ce sai an rubuta kuɗi ɗaya har wata tara. Kura ta yi gunaguni, ta rubuta. Ya ƙirga buhunansa gaban shaidu, ya sayo kwaɗonsa. Ya shimfiɗa katako ya ɗora kaya, ya bar rata tsakaninsu da bango yadda zai iya zagayawa. Wakensa kuwa a buhun nan mai ɓawo uku yake, wanda ake kira PICS, da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani, amma in iska ta ƙare masa a cikin leda sai ya mutu, ba tare da an sa magani ba.

Gizo ya jibge nasa a ƙasa, jingine da bango, har suka taɓa kwano. Ya yayyafa musu fiya-fiya, ya ga sauran wuri a lungu, ya tura jarkar kalanzir. Ya biya wata biyu, ya ce sauran sai ya sayar. Ya kulle ya tafi.

Hunturu ya wuce, bazara ta wuce. Kurege kan zo duk ranar kasuwa ya buɗe, ya shinshina, ya taɓa buhu. Gizo ko sau ɗaya. Sau biyu Kura tana aika Hankaka da saƙon bashi, amma Gizo ya tafi cin rani bai bar wa kowa kwatancen inda yake ba.

Ran da wake ya yi tsada ya dawo da amalanke, sai ya tarar da wani kwaɗo a kan nasa. Ya yi ihu har kasuwa ta taru. Aka buɗe. Buhunan ƙasa sun sha ruwa, sun tsiro, sun ruɓe. Na jikin bango gara ta shige su. Na tsakiya sun yi funfuna, ƙwari sun huda su sun mai da rabi gari. Da aka ƙirga, 23 ne.

Aka tafi gaban Zaki, Dila na gefe da takardar. Gizo ya faɗi ya ce, "Yanka ya daɗe, Kuya ta cuce ni."

Dila ya ce, "Buhu nawa ka ajiye?"

"Talatin."

"Wa ya ƙirga tare da kai?"

Shiru. Ɓera yana can baya, ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, kowa ya gan shi, amma gani ba shaida ba ne. Dila ya karanta takardar da ƙarfi, sharaɗi bayan sharaɗi, ya nuna wa Gizo yatsansa a ƙasa. Ranar ce Gizo ya fara jin abin da ya yarda da shi wata takwas da suka wuce.

Kura ba ta da kirki a wannan lamari, kuma Zaki bai ɓoye ba. Ta san kwanon nan yana yoyo ta ba da shi haya, ta riƙe makullin wani. Ya umarce ta ta gyara rufin, ta daina ba da kwaɗo, ya soke ƙarin kuɗin haya da ta yi wa Gizo. Amma bashin wata shida yana nan, dole a biya, ɓataccen wake kuma na mai shi ne.

Aka ware buhu 5 da suka yi saura don a sayar a biya. Masu saye suka soka bututu suka shinshina, warin kalanzir da fiya-fiya ya bugi hancinsu, suka watse. Suna da gaskiya. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, kuma abin da aka ƙi a can bai kamata ya shiga tukunyar kowa ba. Gizo ya ce to a kai gida a ci. Ƙoƙi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ba da 'ya'yana ba." Ta sa aka haƙa rami aka binne.

Gizo ya jinginar da gonarsa ta fadama ya sallami Kura. Na rumbu kuwa an riga an cinye, ga lokacin shukar wake ya yi, babu iri. Ya je wurin Kurege, wanda ya sayar da buhu 7 ya bar ɗaya. Kurege ya kwance leda, wake ya zubo fari tas. Ya auna masa kwano 10 bashi zuwa kaka, ya ce a kira Dila ya rubuta, a kira Bushiya da Kunkuru su yi shaida. Gizo ya zauna a kan tabarma yana jiran su.

Ƙurunƙus kan kusu.